Gandu da Gayauna a Cikin Kwamfuta: Dalilin da Ya Sa Ram Take Nuna Ƙasa da Abin da Aka Saya

GABATARWA

Tun daga shekarar 2015, lokacin da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta, wannan na'ura ta tashi daga kayan ƙawa na manyan ofisoshi, ta zama kayan aiki na tilas har a garuruwan da ke nesa da birni. Ɗalibi yana bukatarta don ya saba da ita kafin ranar jarrabawa, ma'aikacin ƙaramar hukuma don jera sunaye da yin lissafi, malamin makaranta kuwa don buga tambayoyi da sakamakon yara. Da yake sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin waɗannan mutane, sai aka raja'a a kan ta gwanjo, wadda aka riga aka yi aiki da ita a Turai ko Amurka.

A ɗauki misalin malamin firamare a Rogo Ruma, can yammacin Jihar Kano. Ya yi watanni yana zubin adashi, ranar da ya kwasa ya hau mota ta Karaye ya shiga birni, ya nufi Titin Beirut inda ake cinikin irin waɗannan kaya. Mai shago ya nuna masa kwamfutar tafi-da-gidanka, ya ce ram ɗinta giga 8 ne. Aka yi ciniki, ya biya, ya komo gida yana murna. Bayan kwana biyu wani tsohon ɗalibinsa ya buɗe masa shafin da na'urar ke bayyana abin da ke cikinta. Sai ga lambobi biyu a jere: ta farko ta ce giga 8 aka saka, ta biyu kuwa ta ce 5.9 kaɗai ake iya aiki da shi. Nan take zuciyar malam ta ba shi cewa an tauye masa mudu. Ga kuɗin motar komawa Kano, ga ɓacin rai, ga kuma zargin da ya riga ya ɗora wa ɗan'uwansa Musulmi.

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana inda giga biyun nan ya shiga. Za a nuna cewa sau da yawa ba wanda ya ɗauke shi, yana nan cikin na'urar yana aikin da aka keɓe shi dominsa. Za a kuma nuna hanyar da mai saye zai bi ya rarrabe wannan ragi na halas da ainihin zamba, domin ita ma zambar akwai ta.

KALMA ƊAYA, ABUBUWA BIYU

Tushen rikicin yana cikin harshe tun kafin a kai ga na'ura. Bahaushe ya ari kalmar memori, ya kuma aza mata kaya biyu. Ɗan katin da ake sa wa waya don tara hotuna da karatu memori ne, abin da ke sa kwamfuta sauri shi ma a ce memori. Alhali kuwa abubuwa biyu ne mabambanta, kamar yadda gona ta bambanta da rumbu.

Rumbu wurin ajiya ne. Abin da aka zuba a ciki yana nan har ranar da aka zo ɗiba. Haka faifan ajiya na kwamfuta yake: takardu da hotuna da manhajoji suna zaune a ciki ko da an kashe wuta shekara guda. Gona kuwa wurin aiki ce, kuma ita ce misalin ram. Duk abin da kwamfuta za ta sarrafa sai ta ɗebo shi daga rumbu ta baza a kan ram, sa'an nan injin lissafinta, watau furosesa, ya iya kai hannu gare shi da sauri. Da an kashe na'ura sai ram ta koma fayau, tamkar gona bayan an kwashe amfani an share kara. Gwargwadon faɗin wannan gona, gwargwadon yawan ayyukan da za a iya yi a lokaci guda ba tare da na'ura ta yi nauyi ba.

Ma'aunin duka biyun ɗaya ne. Mafi ƙanƙanta da ake ƙirgawa da shi shi ne bait, wanda ya isa ya ɗauki harafin boko na Turanci guda ɗaya. Bait 1,024 su ne kilobait, kilobait 1,024 su ne megabait, megabait 1,024 su ne gigabait, wanda 'yan kasuwa suka gajarce suna cewa giga.

A nan ya kamata a kau da wata matsala daga hanya, domin ana yawan cuɗa ta da wadda ake magana a kai. Wanda ya sayi faifan ajiya mai giga 500 zai ga Windows ta nuna masa kimanin 465. Dalili shi ne masu ƙera faifai suna ƙirga giga a kan bait 1,000,000,000 cif, ita kuwa Windows tana ƙirga shi a kan bait 1,073,741,824. Hatsin ɗaya ne, mudun da aka auna shi ne ya bambanta, kamar yadda tiyar wata kasuwa kan fi ta wata girma. Amma wannan bayani bai shafi ram ba, saboda ita masu ƙera ta da Windows duk da mudu ɗaya suke awo. Ragin ram yana da nasa dalilin dabam.

YADDA HOTO KE FITOWA A KAN ALLO

Wanda ya ƙura wa allon kwamfuta ido sosai zai lura cewa abin da yake gani ɗige-ɗige ne ƙanana aka jera sahu-sahu, kamar yadda mai ɗinkin hula ke jera zare har zane ya fito. Allon da aka fi samu a kwamfutocin zamanin nan yana da ɗigo 1,920 a kwance, da 1,080 a tsaye. In an ninka su za a sami ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo kuwa akan ba shi bait 4 don a rubuta launinsa. Ke nan hoto ɗaya tak da ya cika allo yana cin bait 8,294,400, watau wajen megabait 8. Kuma wannan hoto ba tsayawa yake yi ba: a bisa al'ada sau 60 ake sabunta shi cikin kowace daƙiƙa.

Sashen da ke wannan aiki shi ake kira girafik, watau sashen zane. Shi ma ma'aikaci ne, dole ya sami filin da zai baza kayansa. Bukatarsa kuma ba ta tsaya a megabait 8 ba, domin yana nuna hoto ɗaya yana shirya na gaba, yana riƙe da siffar kowace taga da aka buɗe ko da wata ta rufe ta, in kuma ana kallon bidiyo ko zanen taswirar gini ko wasannin yara, abin da yake ɗauka sai ya ninka sau ɗaruruwa. Tambayar ita ce: a ina zai sami wannan fili?

Hanyoyi biyu ne. Ta farko, a ƙera shi a kan kati nasa na kansa, tare da ram tasa ta kansa. Irin wannan shi ake samu a manyan kwamfutoci masu tsada. Ta biyu, a ƙera shi a jikin furosesa, a ce ya ci daga ram ɗin da kowa ke ci. Wannan ta biyun ta fi araha, ta fi ƙarancin shan wuta, kuma ita ce a cikin mafi yawan kwamfutocin da ɗalibai da ma'aikata ke saye.

GANDU, GAYAUNA DA ARO

Manomin ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan tsari, domin da shi ya tashi. A tsarin gandu, maigida da 'ya'yansa suna noma babbar gona tare, amfaninta na gida ne baki ɗaya. Amma maigida yakan yanki wani yanki ya ba ɗansa ya riƙa nomawa don bukatar kansa. Wannan yanki shi ne gayauna, wadda mutanen wajen Maraɗi ke kira gamana. In baƙo ya tambayi faɗin gonar gidan za a gaya masa duka. In kuwa ya tambayi faɗin abin da ake nomawa a gandu, lambar da za a ba shi ba za ta kai ta farko ba. Duk amsoshin biyu gaskiya ne, kuma ba taku ɗaya na ƙasa da ya ɓace.

Abin da ke faruwa a cikin kwamfuta ke nan. Da zarar an kunna ta, tun kafin Windows ta farka, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin na'urar, wadda masu gyara ke kira bayos, ita ke fara aiki. Tana ƙirga ram ɗin da aka saka, ta yanki gayaunar sashen zane, ta cire ɗan abin da sauran sassa ke bukata, sa'an nan ta miƙa wa Windows ragowar. Windows ba ta da ikon taɓa abin da aka yanka. Shi ya sa take faɗin lambobi biyu, ta farko faɗin gona duka, ta biyu faɗin gandu.

Girman gayaunar ya danganta da wanda ya ƙera na'urar. Kwamfutoci masu furosesar Intel galibi kaɗan suke yanka, kamar megabait 32 ko 64 ko 128, saboda haka mai giga 8 zai ga 7.8 ko 7.9, ba zai ma kula ba. Waɗansu masu furosesar AMD kuwa sukan yanki megabait 512, ko giga 1, ko ma giga 2 cur. Irin wannan ce ta faɗo hannun malamin Rogo Ruma. In aka haɗa giga 2 na sashen zane da ɗan abin da sauran sassa suka ɗauka, aka cire daga 8, abin da zai rage shi ne 5.9 ɗin da ya tayar masa da hankali.

Bayan gayauna akwai kuma aro, kuma wajibi ne a rarrabe su. In aikin zane ya yi yawa har gayauna ta cika, Windows takan ara wa sashen zane wani fili daga cikin gandu. A bisa al'adarta takan yarda ta ara masa har zuwa kimanin rabin abin da ke hannunta. Mutane da yawa sukan ga wannan lamba a shafin bayani su firgita, su zaci an kwashe musu rabin ram. Alhali wannan iyakar abin da za a iya arawa ce kawai. Muddin sashen zane bai nema ba, filin yana nan ana aikin gida a kai, in kuma ya ara ya gama, sai ya mayar.

TAƘAITACCEN TARIHI

Wannan tsari ba sabon abu ba ne. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981, wadda daga gare ta yawancin kwamfutocin ofis suka samo asali, furosesarta ba ta iya lissafin fili fiye da megabait 1. Daga cikin wannan, kilobait 640 kaɗai aka bar wa manhajoji, sauran 384 aka keɓe wa sashen zane da bayos da makamantansu. A 1984 kamfanin ya fitar da ƙaramarta mai suna PCjr don amfanin gida, wadda sashen zanenta ke ci kai tsaye daga ram ɗin na'ura don a rage tsada. A 1999 Intel ya fitar da kayan haɗi mai lamba 810, wanda ya yaɗa wannan dabara a kwamfutoci masu araha. A 2011 Intel da AMD duka suka fitar da furosesoshin da aka ƙera sashen zane a cikin jikinsu. A 2020 kuma Apple ya fitar da M1, wanda aka gina shi tun daga tushe a kan ram ɗaya ta tarayya. Wayoyin hannu ma a kan wannan tsari suke. Watau dai abin da aka fara saboda neman araha, shi ne yanzu ya zama hanyar da aka fi bi.

WAƊANSU DALILAN RAGI

Ba kowane ragi ne gayauna ke jawowa ba. Akwai dalilai uku da suka cancanci ambato.

Na farko ya shafi tsofaffin na'urori, waɗanda har yanzu suna da yawa a makarantu da shagunan buga takardu. Windows iri biyu ce, mai bit 32 da mai bit 64. Kowane bait na ram sai an ba shi lamba kafin a iya kiransa, kuma mai bit 32 lambobi 4,294,967,296 kaɗai gare ta, watau daidai da giga 4. Daga cikin lambobin nan kuma dole a ba sashen zane da sauran sassa nasu. Saboda haka ko giga 8 aka saka mata, abin da za ta iya aiki da shi ba ya wuce giga 3 zuwa 3.5. Misalinta kamar magatakarda ne da aka ba littafi mai ƙayyadaddun layuka ya rubuta gonakin gari: in layuka suka ƙare, sauran gonakin suna nan, amma ba sa cikin littafi. Maganin wannan shi ne a sake zuba mai bit 64, in furosesar na iya ɗauka. AMD ya fara fitar da irin wannan furosesa a 2003, kuma Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta da nau'in bit 32 ko kaɗan.

Na biyu, waɗansu nau'o'in Windows an yi musu iyaka da gangan. Alal misali Windows 7 Starter, wadda ta zo a cikin ƙananan kwamfutoci masu araha, ba ta aiki da fiye da giga 2. Haka kuma akwai wani saiti a cikin Windows da ke iyakance yawan ram ɗin da za ta tashi da shi, wanda wani mai gyara kan taɓa ya manta bai mayar ba.

Na uku, sandar ram ɗin kanta tana iya zama ba ta zauna daidai a raminta ba, ko ƙurar hunturu ta shiga tsakani, ko ta lalace. Alamar wannan ita ce ragin yakan yi girma ƙwarai, sau da yawa rabi cur, kamar a saka sanda biyu masu giga 4 kowace, a ga aiki da 4 kaɗai ake yi.

ABIN DA YA KAMATA MAI SAYE YA YI

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda zai sayi kwamfuta kada ya yi cinikin biri a sama. Tun yana cikin shago ya sa a kunna ta, ya danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, manhajar Task Manager za ta buɗe. A shafin da ke nuna aikin ram zai ga yawan abin da ake iya aiki da shi, da yawan abin da aka keɓe wa na'ura. Sai ya haɗa lambobin biyu. In 5.9 ne da 2.1, jimla ta ba da 8, to mai shago ya faɗi gaskiya. In kuwa jimlar ta tsaya a 4 alhali an ce masa 8, wannan ba gayauna ba ce, a nan ne ya dace ya ɗaga murya. Wanda ke son ƙarin tabbaci sai ya sa a shiga bayos a gabansa, ko a buɗe murfin ƙasa ya karanta takardar da ke manne a jikin sandar, in na'urar irin wadda ake cire wa ram ce, domin waɗansu na zamani an liƙe tasu a jiki.

Ga wanda ya riga ya saya, kamar malamin Rogo Ruma, abu na farko shi ne ya kwantar da hankalinsa ya dubi irin aikin da yake yi. Buga takardu da jadawalin sakamako ba su fi ƙarfin giga 5.9 ba. In yana ganin nauyi, waɗansu na'urori suna ba da damar rage gayauna a cikin bayos. Wanda ya rage ta daga giga 2 zuwa megabait 512 ya dawo wa gandu da giga ɗaya da rabi, kuma sashen zane ba zai tagayyara ba, tun da yana da damar aro. Sai dai ba kowace na'ura ke da wannan saiti ba, kuma bayos ba wurin gwaji ba ne ga wanda bai ƙware ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce ƙara sanda ta biyu in akwai rami. Wannan yana faɗaɗa gona, yana kuma buɗe hanya ta biyu tsakanin ram da furosesa, abin da ke ƙara wa sashen zane sauri sosai.

Kada kuma a manta da ribar da ke cikin tsarin. Katin zane mai zaman kansa yana shan wuta, yana zafi, yana cinye batir. A garin da ake cajin na'ura da janareta ko da hasken rana, kwamfutar da za ta kai malam ƙarshen aikinsa kafin ta mutu ta fi masa amfani bisa wadda ta cika giga 8 amma ba ta daɗewa.

Shi ma mai shago akwai nasa nauyin. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Gayaunar sashen zane dai ba lalacewa ba ce, haka maƙera suka tsara na'urar. Amma ɗan kasuwar da ya san mutum ya taso tun daga Rogo da kuɗin adashinsa, bai kamata ya bar shi ya gano wannan a gida ba. Magana ɗaya ta isa: giga 8 ne a ciki, amma wajen 6 za ka yi aiki da shi, sauran na hoto ne. Wannan magana ba ta rage masa ko kwabo, tana kuwa tsare masa mutunci da abokin ciniki.

KAMMALAWA

An ga cewa ram gona ce, faifan ajiya rumbu ne. Sashen zane yana da gayaunarsa da ake yanka masa tun kafin Windows ta tashi, yana kuma da damar aro daga gandu. Kuma lissafi ɗan ƙarami ya isa ya nuna ko ragin na halas ne ko na ha'inci.

Abin da ya saura aiki ne na masu harshe. Muddin kalmar memori ce ke ɗauke da rumbu da gona duka, mai saye da mai sayarwa za su ci gaba da magana ba su fahimci juna ba. Sassan koyar da Hausa na jami'o'i sun riga sun yi irin wannan aiki ga nahawu da adabi, inda suka samar da kalmomin da yanzu kowane ɗalibi ke amfani da su kamar tun asali da su aka tashi. Fannin kwamfuta ma yana jiran irin wannan hidima, kuma ba lalle ne a je nesa neman kalmomin ba. Waɗansunsu suna nan a bakin manoman Karaye da Rogo, waɗanda suka daɗe da sanin bambancin abin da gida ya mallaka da abin da gida ke nomawa.